Shawara ta Tara a Takardar Baƙi

Shekara ashirin da shida Tuong ya yi yana tuƙa jirgin fito a babban kogi, har ranar da aka buɗe gada, motoci suka daina jiran jirgi. Bai tsaya dogon jimami ba. Shi da matarsa Nhan suka gyara ɗakuna uku a bayan gidansu da ke tsibiri, tsallaken garin Vinh Long, cikin lambun mangwaro da longan, wani ɗan itace mai zaƙi. Suka sa gadaje da gidan sauro, suka fara saukar masu yawon buɗe ido. Nhan ke girki. Shi kuma ya ɗauko baƙi daga bakin ruwa a kwalekwalensa mai inji, ya fassara abin da ya iya da guntun Turancin da ya tsinta a kan jirgi.

Yawancin baƙin mutanen kirki ne, rashin sani kawai ke damunsu. Wani saurayi ya taɓa shigowa falo da takalmi duk laka, ya zauna ya miƙe ƙafafu suna kallon teburin kakanni, inda hotunan iyayen Tuong suke. Da aka kawo abinci ya soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, kamar yadda ake soke tsinken turare ga matattu. Ran nan kuwa Goggo Cuc, ƙanwar mahaifin Tuong mai shekara tamanin da takwas, tana gidan. Ta ajiye kwanonta ta nemi a mayar da ita gida.

Wannan ya sa ranar Lahadi 'yarsu Dieu, da ke aiki a wani otal a birnin Can Tho, ta zo da kwamfutarta.

"Baba, Mama, ku faɗa in rubuta," in ji ta. "Takarda ɗaya tak, da Turanci, a ajiye a kowane ɗaki. Kada ta wuce shawara goma, in ta wuce ba mai karantawa."

"Takalmi a bakin ƙofa," in ji Nhan daga inda take fere abarba. "Shi ne na ɗaya."

"A sa maganar tsinke," in ji Tuong. "Da ta ƙafa, a haɗa su shawara ɗaya. Kuma in an miƙa musu abu su karɓa da hannu biyu."

"Kada su sha ruwan famfo."

"In sun shiga gari za su tsallaka titi, su yi tafiya ɗaya a hankali, ban da gudu, ban da ja da baya. Masu babur za su kauce musu. Wanda ya yi gudu shi ake bugewa."

Dieu tana bugawa tana dariya. Suka sa cewa a fara gaida wanda ya fi tsufa, a rufe kafaɗa da gwiwa in za a shiga gidan ibada, kuma in an tambayi mutum shekarunsa kada ya ji haushi, so ake a san ko za a kira shi yaya ko ƙane.

"Takwas ke nan," in ji Dieu.

Nhan ta ajiye wuƙa. "Rubuta: abin da uwargida ta zuba maka a kwano, kada ka ƙi."

Tuong ya kalle ta. "Maman Dieu, wannan ai ba shawara ba ce, barazana ce."

"Kai ke girkin? Tun asuba nake tsaye a kan wuta, su zo su tsakuri loma biyu su ce sun gode. Da godiyarsu zan ciyar da kaji?"

"Kajin ai su suka fi kowa jin daɗin baƙinmu."

"Dieu, rubuta. Rabu da tsohon nan, shi ko kwano uku aka ba shi bai taɓa cewa a'a ba."

Dieu ta rubuta. Ta goma ta zama maganar sauke gidan sauro tun kafin rana ta faɗi.

Bayan mako biyu Tuong ya je bakin ruwa ya ɗauko wata baƙuwa, ita kaɗai da ƙaramar jaka. Sunanta Ilona, daga ƙasar Hangari, doguwa ce siririya mai furfura, ta yi ritaya daga aikin haɗa magani. Turanci ita ma ba harshenta ba ne, a hankali take yinsa, shi ya sa Tuong ya fi gane ta a kan sauran baƙi. Kwana shida za ta yi.

Da ya kai ta ɗaki ta ga takardar, ta sa tabarau ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta sake karantawa, sannan ta ninke ta huɗu ta sa a aljihun riga. Tuong bai taɓa ganin baƙon da ya yi haka ba. Ta cire takalmi ta jera su a bakin ƙofa. Ta karɓi shayi da hannu biyu. Kafin ma a tambaye ta ta ce shekarunta sittin da bakwai.

"Ta girme ka da huɗu," in ji Nhan. "Sai ka riƙa ladabi."

Daga nan ta zama Yaya Ilona.

Abincin rana Nhan ta yi kifi a tukunyar ƙasa, da miya mai tsami ta tsamiya da abarba da kuɓewa. Ta zuba wa baƙuwa shinkafa, ta tsamo mata tsokar kifi mafi kyau ta ɗora. Ilona ta cinye tas. Nhan ta ƙara. Ilona ta yi murmushi, ta karɓa da hannu biyu, ta cinye. Nhan ta sake ƙarawa. Sai da ta kai kwano huɗu, ko ƙwayar shinkafa ba ta bari ba, sannan aka kawo gwanda.

"Ka gani ko?" in ji Nhan suna wanke-wanke. "Wannan ita ce baƙuwa. Ka duba ramarta, ba mai ciyar da ita a can."

Washegari ta yi babbar waina ta garin shinkafa da kurkum, cike da jatan lande, guda biyar ta ɗora wa matar. Ta leƙa ta katanga ta ba maƙwabciya labari. Tuong dai ya lura Yaya Ilona tana tashi daga kan tebur a hankali, tana dafa kujera, kuma da ya ce zai kai ta kasuwar kan ruwa ta ce a bari tukuna. Ya ɗauka zafi ne bai karɓe ta ba.

A rana ta uku aka jera abincin rana ba ta fito ba. Ɗakinta ba kowa. Tuong ya bi ta cikin lambu, ya same ta a can ƙarshe, a kan bencin da ke bakin magudanar ruwa, ta duƙa ta riƙe ciki, fuskarta ta yi fari fat.

"Yaya, ba lafiya?"

"Yi haƙuri," in ji ta. "Ina zuwa. Minti goma kawai nake so."

Ya zauna a ɗaya gefen bencin. Ya tambaye ta ko ta sha ruwan famfo, ta ce a'a. Ko kifin ne? Ta girgiza kai, ta ce ba ta taɓa cin kifi mai daɗinsa ba. Can sai ta ciro takardar daga aljihu, ta riga ta yi laushi don ninkewa, ta ɗora yatsa a kan ta tara.

"A gida yankan burodi ɗaya nake ci da rana, da ɗan miya," in ji ta. "Ba na so in ɓata wa matarka rai. Amma ba zan iya ba kuma. Jiya sau biyu na yi amai."

Dariya ta taso wa Tuong, ya danne ta, sai kunya ta biyo baya. Kwana uku matar nan tana wahala a gidansa, shi yana zaune kusa da ita yana miƙa mata miya.

"Me ya sa kike cinyewa duka?"

"To ba an ce kada a ƙi ba?"

"Amma in kin cinye, ita gani take ba ki ƙoshi ba."

Ilona ta cire tabarau ta kalle shi. "Wato in na cinye ta ƙara."

"E."

"In ta ƙara dole in cinye."

"Haka takarda ta ce."

Ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta na girgiza. Ya tsorata ya ɗauka kuka ne, ashe dariya take yi, tana yi tana riƙe ciki.

Faɗa wa Nhan ya fi wuya. Ya same ta tana zaune gaban tebur, abinci ya fara hucewa. Ya yi mata bayani a hankali, ya zaɓi kalmomi. Ta saurara har ya gama.

"Amai," in ji ta.

"Ba girkin ba ne, yawan ne."

"Ni na sa baƙuwa amai a gidana."

"Ni da ke da Dieu. Dukanmu muka rubuta."

"Kai ai ka ce kada a sa. Faɗi mana, na san yana bakinka."

"Ban ce komai ba."

Ta tashi ta kwashe kwanuka ta shiga kicin. Ya ji tana sara citta da ƙarfi fiye da yadda citta ke buƙata. Bai bi ta ba. Shekara talatin da takwas da aure sun koya masa lokacin da ake barin mutum da wuƙarsa.

Da la'asar ta fito da fate-faten shinkafa mai ruwa-ruwa, da citta da ɗan gishiri, a ƙaramin kwanon da ake ba yara. Rabi ta zuba. Ta kai wa Ilona a baranda, ta ajiye, ta zauna nesa kaɗan ta haɗe hannayenta a cinya kamar mai tsoron kada su ƙwace. Ta kira Tuong ya zo ya yi fassara.

"Ce mata ta yafe ni."

Ya faɗa. Ilona ta ce ita ce da neman gafara.

"Ce mata," Nhan ta ci gaba, tana kallon lambu, "lokacin da nake 'yar shekara goma sha biyar, bayan yaƙi, shinkafa ta yi wuya. Rogo muke ci da dawa. Mu bakwai ne. Innarmu takan zuba mana, ta ce ita ta ci a kicin. Sai da na girma na gane ba ta ci ba. Tun daga nan in na ga kwanon mutum wayam a gabansa, jikina ba ya ba ni in zauna."

Tuong ya san labarin, amma bai taɓa jin ta faɗa wa bare ba. Turancinsa bai kai ba, ya yi ta haɗawa da hannu. Ya rasa sunan dawa, ya ce abincin tsuntsu. Ilona ta gane. Ta juya cokali a cikin kwano.

"Tawa uwar," in ji ta, "ta ga yunwa tana yarinya, lokacin nasu yaƙin. A gidanmu ba a tashi daga tebur sai faranti ya zama kamar an wanke. In ka bar loma ɗaya za ka same ta da safe tana jiranka. Shekara ashirin da rasuwarta, har yau ba na iya barin abinci."

Tuong ya mayar da shi. Nhan ta juyo ta dubi matar sosai, karo na farko tun da ta zauna.

"Ashe da ba a rubuta ba ma cinyewa za ta yi."

"Da alama."

"To ni da ita ai sai ɗaya ta kashe ɗaya," in ji Nhan. Ta share ido da gefen riga. "Koya mata yadda ake ƙi. Kai ba ka iya ba, amma ka ga mutane suna yi."

Tuong ya ɗauko kwano ya nuna. A bar loma biyu a ƙasa. In an miƙo, a rufe bakin kwanon da tafin hannu, a ɗan sunkuyar da kai, a yi murmushi, a ce "No roi," wato na ƙoshi.

"No," in ji Ilona. "Kamar a'a da Turanci."

"A wajenmu ƙoshi ne."

"In na faɗa sau ɗaya shi ke nan?"

Ya tambayi Nhan. Ta yi tsaki. "Sau ɗaya ai kunya ce, ba ƙi ba. Wa ke yarda da sau ɗaya?"

"Sau nawa ke nan?"

"Ya danganta. Ga maƙwabciya sau biyu. Gare ni sau uku. Ga Goggo Cuc kuwa, ta riƙe kwanon da kyau kada ta saki."

Suka gwada. Nhan ta ɗebo fate-fate a ludayi ta nufo, Ilona ta rufe kwano ta faɗi kalmar da wata irin murya da ta sa kalmar ta koma wani abu dabam. Nhan ta gyara mata, ta sake, ta gyara. A karo na biyar Nhan ta ce ya yi, ko kurma zai gane.

Kwana biyu bayan haka ranar tunawa da rasuwar mahaifin Tuong ta zagayo. Tun da safe dangi suka fara sauka daga kwalekwale da kaji da 'ya'yan itace da kwalaben giyar shinkafa. Dieu ma ta zo. Ilona ta tari Tuong a lambu ta ce ta ga taron na iyali ne, kuma takarda ba ta ce komai a kansa ba, ko ta zauna a ɗaki?

"Marigayi babana ya fi son gida cike," in ji shi. "Ki zo. Ki tsaya a bayan Nhan, abin da ta yi ki yi."

Aka jera abinci a teburin kakanni. Tuong ya kunna turare ya sunkuya, sauran suka bi bisa girma. Ilona ta zo a ƙarshe, ta riƙe tsinken turare da hannu biyu, ta sunkuya sau uku. Goggo Cuc tana kan kujera tana kallo.

"Wannan doguwar ta wa ce?"

"Baƙuwarmu ce, Goggo."

"Shekarunta nawa? Tana da miji? 'Ya'ya fa?"

Dieu ta fassara. Ilona ta ce mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana wata ƙasa.

"Ɗa ɗaya, shi ma ya tafi," in ji Goggo Cuc. "Ku zaunar da ita kusa da ni."

Da turaren ya cinye aka sauko da abinci. Maza suka zauna a tsakar gida da ƙananan kofuna, mata a baranda. Daga inda yake Tuong yana hango teburin. Mata biyar, kowacce da tsinkayenta, kowacce na tsamo abu tana nufin kwanon baƙuwa. Ilona ta ci cinyar kaza, ta ci ɗan kifi. Sannan ya ga hannunta ya sauka a kan kwanon. Matar ƙanensa ta ja da baya. Maƙwabciya ta gwada sau biyu ta haƙura. Goggo Cuc kuwa ta ɗaga yankan naman alade, ta riƙe shi a sama tana jira, ba ta da niyyar saukewa. Ilona ta sake cewa ta ƙoshi. Goggo ta buga mata bayan hannu da tsinke.

Sai Nhan ta miƙo nata kwanon ta tare naman.

"Goggo, ta ƙoshi. Ni ki ba ni, ban ci komai ba tun safe."

"Ke kuma yaushe kika fara hana baƙo abinci?"

"Cikinta ƙarami ne. Likita ya hana ta."

"Wane likita?"

"Ita kanta mai magani ce, Goggo."

Tsohuwar ta saki naman a kwanon Nhan tana gunaguni. Can kuma ta ja hannun Ilona ta ɗora a kan gwiwarta, ta sa Dieu ta tambaya mata ko akwai abin da ake shafa wa gwiwar da ke ƙara in hadari ya taso. Suka shafe kusan sa'a guda a kan gwiwar.

Da yamma, bayan dangi sun watse, Dieu ta buɗe kwamfuta ta ce za ta goge ta tara.

"Kar ki goge," in ji Nhan. "In kin goge za su koma tsakurar loma biyu. Rubuta: uwargida za ta yi ta ƙara maka abinci, halinta ne. Ka ɗanɗana komai. In ka ƙoshi ka rage kaɗan, ka rufe kwano da hannu. Ba za ta ji haushi ba."

"Mama, da gaske ba za ki ji ba?"

"Zan ji. Amma ba sai sun sani ba."

Washegari da hantsi Tuong ya sa jakar Ilona a kwalekwale. Matan biyu suka tsaya a bakin ruwa, ba mai jin harshen wata. Nhan ta gyara mata wuyan riga, ta shafa damtsenta, ta faɗi wani abu da Tuong bai fassara ba don ba a nemi ya fassara ba. A hanya Ilona ta tambaye shi ko yana kewar babban jirgi. Ya ce wani lokaci, musamman in ya ji ƙarar inji da safe. Ya sauke ta a bakin gari, ya tsayar mata da motar birnin Saigon, ya gaya wa direba inda za ta sauka.

A komowa ya tarar ruwa ya janye, kamar yadda yake janyewa ya dawo kullum saboda kusancin teku, bakin magudanar da ke kaiwa gida ya zama laka. Ya kashe inji, ya ɗaure kwalekwale a jikin wata bishiya, ya ja malafa ya rufe fuska. Sa'a ɗaya ko fiye zai jira kafin ruwa ya dawo. Baƙi na gaba, wasu ma'aurata, sai jibi.